Ƙare da Ƙara

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu ya yi
a gindin darbejiya, bakin kotun Gyaɗi-Gyaɗi,
tafireta a kan tebur mai gajeriyar ƙafa
da ya tokare da murfin kwalba.
Takardar gado, rantsuwar shekarun haihuwa,
ƙorafin filin da aka sayar sau biyu,
duk ta yatsunsa suka bi.
Yakan ce harafi ɗaya ya isa ya raba mutum da gidansa.

Yau ga mu a Asibitin Malam,
ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa.
Likita Rumasa'u ta kifa katinsa,
ta zare biro daga aljihu.

Ta ce: Baba, jikinka ma ofishin akawu ne.
Kowace ƙwayar halitta da littafinta a ciki,
haruffa huɗu kacal, shafi dubun dubata.
In za ta rabu biyu, sai ta kwafe shi kaf,
dare da rana, tun kana cikin mahaifa.
Akwai masu bin layi suna duba kuskure,
su kankare, su gyara.
Amma mai kwafin da ba ya ajiye alƙalami,
wata rana hannunsa zai zame.

Baba ya ce: Wane harafi?

Ta rubuta ƙare.
Ta soke wasalin ƙarshe, ta sa wani.
Ƙara.
Umarnin da ke ce wa ƙwaya ya isa haka
ya koma cewa ci gaba.
Ta haifi biyu, biyun suka haifi huɗu,
kowace riƙe da kabon ɗin kuskuren.

Ta ce: ɗaya ba ya kayar da gini.
Sai na biyu ya zo bayan shekara goma
ya sa mai gadi barci,
na uku ya tsinke birki
kamar adaidaita sahu a gangaren gadar Ƙofar Nassarawa,
na huɗu ya koya wa tsiron
jan jijiyar jini zuwa bakinsa
yadda ake satar wuta daga turken layi.
Sannan ne muke kiransa daji.

Me ya zamar da hannun?

Ƙwayar cutar hanta da ta kwana a jininka tun ƙuruciya,
wataƙila gyaɗa mai fumfuna ta taya ta.
Wani hayaƙi ne nasa.
Wani a gado ya karɓi shafin da tabo.
Wani kuwa yawan kwafin ne kawai.
Ba jifa ba ne, Baba.
Ba wanda ya yi maka.

Na ga kafaɗarsa ta sauka.
Wata uku ke nan bai amsa sallamar Malam Barau ba,
mai tebur na kusa da nasa.

Ya daɗe yana kallon kalmomin biyu,
sannan ya yi dariyar da ta ƙare da tari:
Shekara sittin da bakwai yana rubutu,
ba hutun Juma'a, ba albashi,
kuskure huɗu ya yi?
Ni nakan yi fiye da haka kafin azahar.

A cunkoson Dangi ya taɓa kafaɗar direba,
ya ce a biya da mu bakin kotu,
akwai gaisuwar da ake bin sa.

Da dare ya sa na sauko da tafiretar.
Irin ta dā ce, ba ta da harafi mai lanƙwasa,
da biro yake bi yana ɗora musu ƙugiya.
Ya buga haruffa huɗu da yatsa ɗaya,
ya zare takardar, ya miƙo mini,
biron na kunnensa bai taɓa shi ba.

kare

Na ce: Baba, dabbar ko tsarin?

Ya ce: Gobe ka je a gwada jininka.
Ka tafi da ƙannenka.